Na Rubuta "Aikin Yau" a Kan Hannun Mai Takaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya mai wannan shafi, ina wuni, ya aiki, ya haƙuri da mu? Allah ya biya ki. Ina gaida duk masu karatu, manya da ƙanana. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma da za ku karanta, ina roƙonku kar ku fara da zagi, domin duk abin da za ku ce min na riga na faɗa wa kaina har na gaji. Shawara nake nema, kuma kwana tara kacal suka rage min. In suka wuce ban yi komai ba, za a raba wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu, kuma ni ce sila.

Ni mai ƙunshi ce a Karaye, da aurena da yarana uku. Tun ina budurwa nake zanen lalle, amma a da sana'ar ta sallah ce da biki, sai ki yi wata guda babu wadda ta leƙo ki. Shekara uku da suka wuce na sayar da tunkiyata na sayi babbar waya, kuma wallahi ba zan ɓata wayar nan ba, ta yi min rana. A cikinta na koyi zanen da ko a Kano sai wance da wance suke yi. Ina ɗora hoto a sitatus, kafin in sauke tukunya an kira ni daga Rogo, daga Fulatan, har daga Falgore amare suke turo mota a ɗauke ni. Karatuna bai yi nisa ba, amma da saƙon murya babu wadda ba na iya ciniki da ita. Mahaifiyata tana ganin jikokinta ba sai na hau mota ba. Ni da ba a san da ni ba ko a layinmu, sai ga shi ana nuna gidanmu ana cewa nan ne gidan mai ƙunshin nan ta waya. Wa zai ƙi wannan? Maigidana ne kawai bai taɓa sakin jiki da ita ba. Kafinta ne, mutum ne mai gudun magana, kuma ranar da na kawo wayar ya juya ta a hannunsa ya ce, "Na bar ki, amma ki ji da kyau. Ranar da abin nan ya jawo min magana a gari, ranar shi da ƙunshin za su bar gidan nan tare." Na ce masa haba Malam, sai ka ce wata yarinya.

Ga inda laifina ya fara. Matan aure a wajenmu ba sa son a ɗauki hotonsu, ko da na ɗan yatsa ne, wasu mazajensu ne suka hana, wasu kunya ce kawai. Ni kuma sana'ata ba ta tafiya sai da hoto. Sai na koyi dabara, in na gama zane in ɗauko waya kamar zan duba lokaci ko zan amsa saƙo, in ɗauka shiru. Wadda ta kama ni in ce mata na goge. Ban taɓa gogewa ba. Kuma shi sitatus kwana ɗaya yake yi ya ɓace, in kika kwana biyu ba ki saka komai ba sai a ce kasuwarki ta mutu, ga yara 'yan mata sun taso kowacce da wayarta, kullum suna sakawa. Don haka ko ranar da ban taɓa lalle ba, sai in shiga cikin tsofaffin hotuna in zaɓo mai kyau, in rubuta kalma biyu a ƙasa: aikin yau. Na ɗauke shi ba komai ba. Na ce ai kowa haka yake yi, kuma aikin nawa ne ba na sata ba, ranar ce kawai na canza. Wa ranar za ta cuta?

Akwai wata yarinya, zan kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. 'Yar maƙwabtanmu ce a gidan iyayena, a bayana na goya ta, Yaya take ce min, ni na yi mata ƙunshin aure da aka kai ta Rogo Sabon Gari. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin kirki mai barkwanci. Rabi tana da cindo a hannun hagu, wani ɗan ƙarin yatsa ƙarami a gefen ƙaramin yatsanta, wanda ba a cire mata ba tun tana jaririya. Duk danginta da dangin mijinta sun san hannun nan. Ana saura kwana biyu ƙaramar sallar da ta wuce na je har gidanta na yi mata zanen baƙin lalle, irin wanda yake gogewa cikin kwana goma, kuma ban taɓa yin zanen da ya fito kamar wannan ba. Muna tsakar gida hannuwanta a shanye lallen bai bushe ba, 'yarta ƙarama ta tashi daga barci tana kuka, sai ga mijin ya yi sallama ya shigo. Ya ɗauki yarinyar ya zauna a bakin ƙofar ɗaki a bayan Rabi, yana ba ta ruwa a kofi, ya ce min, "Mai ƙunshi, kin ɗaure min hannun mata, yau ni ne mai raino ke nan." Rabi ta juya tana dariya, ni kuma na ɗaga waya na ɗauka. Ashe na manta ban kashe sautin wayar ba, ta ji ƙarar, ta rage murya ta ce, "Yaya, don Allah ki goge, ba ya so." Na ce, "Na ma goge, ke dai kar ki motsa hannun."

Bayan sallah da 'yan makonni mijin Rabi ya yi hatsarin mota a hanyar dawowa daga kasuwa, ko asibiti ba a kai da shi ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabi ta shiga takaba a ɗakinta, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Gidan daga ita sai yaranta biyu sai surukarta, wata tsohuwa da ake ce wa Inna, wadda yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da murya. Tun ranar sadakar uku Inna ta faɗa a gaban kowa cewa Rabi ba inda za ta, ta zauna ta riƙe 'ya'yanta a gidan ubansu, kuma 'yan'uwan mamacin suka amince.

A wata na biyu na takabar aka kira ni ƙunshin wata amarya a Rogo. Na sha wahala ranar, tun safe nake durƙushe har bayan azahar, kuma gwaggon amaryar ta zauna a kaina kamar mai gadi, ko motsi na yi wajen waya sai ta yi gyaran murya. Ban samu hoto ko ɗaya ba. Da na gama na ce bari in biya in gaida Rabi tunda na shigo garin. Na shiga gidan da jakar kayan ƙunshina a kafaɗa, maƙwabta suna zaune a ƙofar gida suna kallona, muka gaisa. Na same ta ta rame, tana cikin wani tsohon hijabi, hannuwan nan fari fat. Muka yi kuka, muka yi hira, na zauna har la'asar. A motar komawa Karaye, an matse ni tsakanin buhun masara da ƙofa, bayana yana ciwo, na buɗe waya na ga yaran nan duk sun saka aikinsu, ni kuwa da na wuni ina aiki ba ni da abin nunawa. Na shiga tsofaffin hotuna ina ja, ina ja, har na zo kan zanen sallar nan. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san hannun waye ba. Na sani. Yanzu na baro ta. Na yanke hoton, na cire fuskarta, na cire mijin da yarinyar da ke bayanta, na bar hannuwa biyu kawai, na rubuta aikin yau, na saka. Cindon nan yana nan ɓaro-ɓaro a gefe, idona bai ma kai kansa ba, zanen kawai nake kallo. Wace irin zuciya ce wannan? Na tambayi kaina ya fi sau dubu.

Hoton ya yi kasuwa, har amare biyu na samu ta dalilinsa, na manta da shi. Ashe wata daga dangin mijin ta gani ta ajiye a wayarta, daga nan ya shiga guruf ɗinsu na 'yan gida, yana yawo ana ƙus-ƙus har kusan sati uku kafin ya isa hannun yayar mamacin, wadda take aure a Kano. Zan ce mata Hajiya. Wata safiya ina wanke-wanke ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Ke ce mai ƙunshin Karaye?" Na ce ni ce. Ta ce, "Hannun da kika saka mai cindo, kika rubuta aikin yau, na matar ƙanina ne ko ba nata ba ne?" Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Maigidana yana tsakar gida yana ɗaure kayan aikinsa a babur, yana jin duk abin da zan faɗa. Ta ce, "An ga shigarki gidan ranar da jakarki, kin wuni. Tambayarki nake, ranar kika yi mata?" Jama'a, kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. In ce a'a Hajiya, tsohon hoto ne, na sallah ne. Amma in na faɗi haka, na yarda a gaban mijina cewa ina ɗaukar matan mutane hoto a ɓoye, ina kuma yi wa duniya ƙarya. Sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ni ba na faɗar sirrin kwastomomina." Sai ta ce, "To, ai kin faɗa." Ta kashe. Maigidana ya ɗago ya ce lafiya? Na ce wata ce take son in gaya mata kuɗin da ƙawarta ta biya. Ya girgiza kai ya tada babur ɗinsa ya fita.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji shi, don labarin har Karaye ya zo, sai dai ba a san hannuna a ciki ya kai haka ba, ana dai cewa mai takaba ce ta kira mai ƙunshi. Hajiya ta zo Rogo takanas. Ta tara 'yan'uwa a tsakar gidan, ta ce Rabi ta fito da hannuwanta. Ta fito da su babu komai, aka ce to ai sati uku ya wuce, baƙin lalle ya isa ya goge, in ma bai goge ba akwai lemon tsami. Rabi ta rantse ta ce lallen sallah ne, mijinta yana raye aka yi shi. Hajiya ta ɗaga waya ta ce, "Ga rubutun mai ƙunshin da kanta. Ita za ta yi miki ƙarya? Me za ta samu?" Aka ce wai tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba ta fara kwalliya, wa take yi wa? Aka ce wadda ba ta iya haƙurin wata huɗu ba, ina za ta iya riƙon marayu? An ce Inna ta lallaɓo ta kamo hannuwan Rabi, ta shafa su, ta kai hancinta ta sansana, ta daɗe a haka, sannan ta sake su ta koma ɗaki. Tsohuwar da take kiran Rabi 'yata, yanzu in ta kai mata abinci sai ta ce a ajiye a nan. Maza suka yanke cewa ranar da ta fita takaba ta koma gidan iyayenta, yaran kuma Hajiya ta tafi da su Kano, har ƙaramar da ba a daɗe da yaye ta ba.

Shekaranjiya da hantsi Rabi ta kira ni da 'yar ƙaramar wayarta. Na ga sunanta na bar shi ya yi ta ƙara har ya katse, ta sake kira, na ɗauka. Na zaci zagi zan sha, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da ta gaishe ni tsaf, ya gida, ya yara, ya maigidan. Sannan ta ce, "Yaya, ni ban zarge ki ba. Na san kuskure ne, ƙila hannunki ne ya taɓa, wayoyin nan ba a iya musu. Ki zo ki faɗa musu ranar da kika yi min, ke kaɗai kika sani." Na ce zan zo, in sha Allahu zan zo, yaran ne ba su da lafiya. Ƙarya ce, lafiyarsu ƙalau. Ta ce Hajiya ta riga ta ce ko na zo baki ne kawai, za a ce na rufa mata asiri don 'yar unguwarmu ce, sai dai in akwai shaida. Ta ce, "An ce waya tana rubuta ranar da aka ɗauki hoto. Yana nan?" Na ce mata wayar ta lalace an yi mata gyara, komai ya goge. Sai ta ce, "Ashe ya goge. Allah sarki. Da ma ko ba don maganar nan ba ina so in tambaye ki ko marigayi ya fito a ciki, don na tuna yana zaune a bayana da yarinyar. Wayarsa ta farfashe a hatsarin, ba ni da hotonsa da ita ko guda ɗaya. In ta girma ba ni da abin da zan nuna mata." Ta ce in gaida yara, ta kashe.

Hajiya mai shafi, hoton yana nan. Bai goge ba, wayata ba ta taɓa zuwa wajen gyara ba. Cikakkensa yana nan yadda na ɗauke shi, da kwanan watan a samansa, ga hannuwan Rabi da cindonta, ga mijinta a bakin ƙofa da farar shadda yana dariya, kofi a bakin yarinyar. Babu wanda zai kalle shi ya sake cewa a takaba aka yi lallen nan. Tun shekaranjiya na buɗe shi ya fi a ƙirga, in kai yatsa kan wajen turawa in janye. Jiya wata amarya ta zo, na riƙe ledar zane, layi ɗaya na kasa ja a miƙe, na ce mata ta dawo gobe ba ni da lafiya. Abinci ba ya min daɗi. Wayar da nake kwana da ita a gefen filo yanzu in ta yi ƙara sai in kife ta. Na gaji, wallahi na gaji.

Na san abin da da yawanku za su ce, ki tura mana, me kike jira? Ni ma haka zan ce da wata ce ta rubuto. Amma ku duba min. In hoton nan ya fita, ba yadda za a yi a ce ba daga wajena ya fito ba, ni kaɗai nake da shi. Hajiya ba za ta rufa min ba, yadda ta yaɗa na Rabi haka za ta yaɗa nawa, kuma tana da gaskiya. Duk matar da na taɓa riƙe hannunta a Karaye da Rogo za ta gane cewa "na goge" da na ce mata ƙarya ce, wasu mazajensu har gida za su zo. Maigidana ba ya magana biyu, wayar da ƙunshin sun tafi ke nan, kuma ban sani ba ko a nan abin zai tsaya, don na kalli idonsa na yi masa ƙarya a kan kiran Hajiya. Iyayena da iyayen Rabi katanga ɗaya ce ta raba su, da wane ido mahaifiyata za ta fita? Sana'ar nan da ita nake rufa wa kaina asiri, ban iya wata ba. Duk wannan ina lissafa shi, sai kuma in tuna ni sana'a zan rasa da mutunci, ita kuwa 'ya'ya, bayan ta rasa miji, a kan abin da ba ta aikata ba. In na kai nan sai in ji kunyar ma lissafin da nake yi. Amma kunyar ba ta sa yatsana ya danna ba har yanzu, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro game da kaina.

Shin in fara faɗa wa maigidana ne, in ɗauki duk abin da zai yanke? In hau mota in je Rogo in durƙusa a gaban Inna, ita da ba ta gani, wa zai kalla mata hoton ya gaya mata gaskiya? Ko in tura wa Hajiya kai tsaye in kashe wayar? Ita kuma Rabi, da wane baki zan ce mata ba kuskure ba ne, na san hannunta ne, na baro ta tana kuka na shiga mota na yanke mijinta daga hoton da hannuna? Tana can tana kare ni a gaban mutane, tana cewa Yayata ba za ta yi min haka da gangan ba.

Ranar Juma'a ta sama take fita takaba. An ce Hajiya har ta sa an ɗinka wa yaran kayan tafiya. Ni kuma ga ni zaune da waya a cinya, uban yaran yana kallona daga cikinta yana dariya, yana ba 'yarsa ruwa. Don Allah jama'a, ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?